Darasi na Tara: Shiga Sana'ar Tuƙin Babbar Mota

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana matakan da ake bi kafin a zama direban babbar mota;
2. faɗin sharuɗɗan samun lasisin tuƙa tirela ko tanka a Najeriya;
3. bayyana dalilin da ya sa babbar mota ba ta tsayawa da wuri, da yadda ake sauka gangara da ita;
4. lissafa lokaci da man da tafiya za ta ci;
5. sanin abin da ya kamata a daddale da mai mota kafin a karɓi makulli.

Gabatarwa

Mafi yawan abin da muke ci, da abin da muke gini da shi, a bayan babbar mota yake zuwa. Hatsin kasuwar Dawanau da ke Kano, da shanun Potiskum, da albasar Aliero, duk a kanta suke gangarawa Kudu. Simintin Obajana da na Ashaka da na Kalambaina, da kwantenonin da jiragen ruwa ke saukewa a Apapa, ita ce ke raba su gari-gari. Jirgin ƙasa bai ɗauke mata ko da rabin wannan nauyi ba. Saboda haka aikin yana nan, kuma mutum zai iya riƙe gida da shi, ya aurar da 'ya'ya, har wata rana ya mallaki motar kansa.

Sai dai matasa da yawa suna shigowa da tunanin cewa wanda ya iya juya sitiyari da sa giya ya gama. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema. Ranar da aka miƙa wa mutum makullin tirela, amana uku aka danƙa masa: motar da ta ci miliyoyin naira, da kayan mutane da ke bayanta, da rayukan duk wanda zai haɗu da shi a hanya. Duk abin da za mu karanta a nan hanya ce ta riƙe waɗannan amanoni.

1. Ire-iren manyan motoci

Akwai motocin da kai da bodi a haɗe suke, kamar kanta da roka da tifa. Kanta ita ce ƙarama, tana jigilar kaya tsakanin kasuwanni. Tifa tana ɗaukar yashi da tsakuwa da ƙasa, tafiyarta gajera ce, direbanta yakan kwana a gida. Akwai kuma masu gaɓa, wato waɗanda kai daban, bodi daban, ana haɗa su a kan wani faifan ƙarfe da ke bayan kan motar. Su ne tirela ko tantebur, da tankar mai, da masu ɗaukar kwantena. A hanyoyinmu an fi ganin ƙirar DAF da MAN da Mack da Howo.

Kowace da halinta. Tifa takan kife idan aka ɗaga bodinta a wurin da ba daidai ba. Tanka kuwa kayanta ruwa ne, yana kai da komo, idan aka taka birki sai ya tunkuɗo motar gaba, musamman in ba a cike take ba. Mai son shiga sana'ar ya fara da ƙaramar cikinsu, ya hau a hankali.

2. Hanyoyin koyo

Hanya ta farko ita ce wadda iyaye da kakanni suka bi: zama yaron mota. Yaron mota yana wanke mota, yana ɗaure tampol, yana sa waigi a taya idan an tsaya, yana kwance taya da ɗaura ta, yana gadin kaya da dare. A haka yake sanin ƙarar injin mai lafiya da ta marar lafiya, ya san garuruwa da wuraren kwana da makanikan hanya. Daga baya ubangidansa zai fara ba shi mota ya matsar da ita a cikin gareji, sannan a hanya marar cunkoso. Wannan yakan ɗauki shekaru.

Amfanin wannan hanya shi ne gogewa. Illarta kuwa, yaro yana kwasar halin ubangidansa gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Wanda ya tashi a hannun direba mai gudu da shan ƙwaya, da wuya ya fito da wani hali daban. Don haka a binciki mutum kafin a ba shi yaro: shekara nawa ya yi yana tuƙi, yaya tarihinsa da haɗari, yara nawa ya yaye, ina suke yanzu. A kuma yi magana a gaban shaidu kan abinci, da kuɗin kashewa, da lokacin da za a fara koya masa tuƙin kansa, don kada ya ƙare a wanki da dako.

Hanya ta biyu ita ce makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita. A nan ake koyon dokokin hanya da alamomi da dalilin kowace doka. Akwai kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986, tana horas da direbobi da ma'aikatan sufuri. Wasu manyan kamfanoni ma suna da nasu wurin horaswa.

Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun. Gareji yana ba da hannu, makaranta tana ba da sani da takarda. Karatun da kuke yi a wannan aji ma wani ɓangare ne na shirin, domin direban da bai iya karanta takardar kaya ba yakan sa hannu a kan abin da bai ɗauka ba.

3. Lasisi

An kafa FRSC a 1988, kuma ita ke buga lasisin tuƙi tare da haɗin gwiwar jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, da hukumar tara haraji ta jiha. Lasisi aji-aji ne. Ajin A na babur ne, ajin B na ƙaramar motar gida, ajin G kuma shi ne na motoci masu gaɓa irin su tirela da tanka. Wanda ke riƙe da ajin B ya hau tirela, a wurin doka daidai yake da marar lasisi.

Ana iya samun lasisin ƙaramar mota daga shekara 18, amma lasisin tuƙin haya sai mutum ya kai shekara 26. Matakan su ne:

a. samun horo a makarantar da aka amince da ita, a karɓi takardar kammalawa;
b. zuwa asibitin gwamnati a yi gwajin lafiya, musamman na ido;
c. cin jarrabawar tuƙi a hannun jami'an VIO;
d. cike fom da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da biyan kuɗi a inda hukuma ta tanada;
e. zuwa da kai cibiyar lasisi a ɗauki hoto da zanen yatsu.

Lasisin yana aiki shekara uku ko biyar, gwargwadon abin da aka biya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da hoto zai kawo maka lasisi har gida, jabu zai kawo maka. Ranar da asirin zai tonu ita ce ranar da aka yi haɗari, ko ranar da kamfani ya duba lambar a kwamfuta bai same ta ba.

4. Halin babbar mota

Tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30, domin kowane buhu kilo 50 ne. Idan aka haɗa da nauyin motar kanta, ana maganar kusan tan 45, wato nauyin ƙananan motoci kamar talatin. Irin wannan nauyi ba ya tsayawa don an so ya tsaya.

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya ɗaga ƙafa, iska ta isa ga birki, daƙiƙa biyu sun wuce, motar ta ci sama da mita 30 ba ta ma fara rage gudu ba. Sannan idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake yi sau huɗu. Wannan ne ya sa dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a hanya mai tagwaye. Tun 1 ga Fabrairun 2017 ake tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Tazara tsakaninka da motar gaba kada ta gaza daƙiƙa shida: ka sa ido kan wata bishiya ko falwaya, idan motar gaba ta wuce ta ka fara ƙirga. In ana ruwa ko hazo, ka ƙara.

Birkin babbar mota da iska yake aiki. Injin yana tara iska a tankuna, kuma akwai agogo a gaban direba da ke nuna yawanta. Ba a tashi sai iska ta cika. Kowace rana a buɗe ƙasan tankunan a zubar da ruwan da ya taru, domin yana lalata bawul. Yawan tattaka birki ba dalili yana cinye iska fiye da yadda injin ke mayarwa.

Gangara ita ce babbar jarrabawar direba. A wuri irin Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Shi ne za ka ji an ce birki ya tsinke, alhali sau da yawa direba ne ya ƙona shi. Ƙa'idar ita ce a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangarawa, a bar injin ya riƙe motar, a yi amfani da birkin injin, a riƙa taɓa birkin ƙafa jefi-jefi. Sakin mota ba giya a gangara don a rage shan mai ya kashe direbobi da yawa.

A kwana kuma, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yankowa ta ciki. Dole a buɗe kwana, ido na kan madubi. Akwai wuraren da madubi ba ya nunawa: dab da gaban mota, da bayanta, da gefen dama inda babura da Keke Napep ke son kutsawa. Idan za a yi baya, yaron mota ya sauka ya tsaya inda direba ke ganinsa. In ya ɓace daga madubi, a tsaya.

5. Duba mota kafin tashi

Direba ya zagaya motarsa da kansa kowace safiya, ko da yaro ya riga ya duba. Abubuwan dubawa su ne baƙin mai, da ruwan lagireto, da man gas. Ƙasan mota ko akwai yoyo. Iskar tayoyi da notinansu. Fitilu da sigina da madubai. Mahaɗar kai da bodi ko ta kulle sosai, da bututun iska da wayoyin da ke tsakaninsu. Sai igiyoyi da tampol.

Taya tana da ranar haihuwa. A jikinta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. FRSC na ɗaukar taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta bai goge ba.

A mota dole a samu abin kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da safaya, da jak, da waigi, da akwatin agajin gaggawa, da tef mai ƙyalli a jikin bodi. Idan mota ta lalace, a yi ƙoƙarin fitar da ita daga kan kwalta, a sa alama nesa da ita ta gaba da ta baya. Ganyen da ake zubawa a hanya ba a ganinsa da dare. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kyauta ce.

6. Lodi da takardu

Ko wa ya yi lodi, direba za a tambaya. Ya tsaya a kai ya ƙirga, ya gwada da abin da ke rubuce a takardar kaya kafin ya sa hannu. Kaya masu nauyi su kwanta a ƙasa, a raba nauyi daidai hagu da dama. Lodin da ya yi tsawo da yawa shi ke kifar da mota a kwana. Kwantena a kulle ta a kusurwoyinta huɗu. Wadda aka ɗora kawai ba a kulle ba ta sha faɗowa kan ƙananan motoci a Legas. Lodin wuce kima yana fasa taya, yana karya sifirin, yana kashe birki, yana farfasa hanyar da kai ma za ka sake bi. Ɗora fasinja a kan kaya ko a saman dabbobi haramun ne a doka, kuma shi ya sa haɗarin tirela ɗaya kan ci rayuka masu yawa a lokaci guda.

Tankar mai sai gogaggen direba. Bayan gobarar garin Majiya a Jihar Jigawa a Oktoban 2024, da ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025, inda jama'a da yawa suka mutu wajen kwasar man da ya zube, gwamnati ta hana loda wa tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris ɗin 2025. Idan tanka ta faɗi, aikin direba da yaransa na farko shi ne korar mutane nesa da kiran jami'ai.

Takardun da ba a rabuwa da su su ne lasisi, da takardun mallakar mota, da inshora, da shaidar lafiyar mota, da takardar kaya. Mai tsallaka iyaka, kamar daga Jibiya zuwa Maraɗi ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, yana buƙatar ƙarin takardun tafiya da na kwastan. Tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, a tambayi halin da ake ciki a iyaka kafin a yi lodi.

7. Lissafin hanya da lafiyar direba

Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Idan mota na cin kilomita 50 a awa, sai mu raba: 1,000 ÷ 50 = awa 20 na tuƙi zalla, ban da salla da abinci da shingayen jami'ai da ramukan hanya. Wanda ke tuƙin awa goma a rana, kwana biyu cur yake buƙata. Duk wanda ya ce ya yi ta a ƙasa da haka, ko dai ya yi gudu ko bai yi barci ba.

Haka ake lissafin mai. A ɗauka motarka tana shan lita 40 a kowane kilomita 100. Tafiyar kilomita 1,000 za ta ci lita 400. Ka ninka da farashin lita a yau, ka san ko kuɗin hanyar da aka ba ka zai kai.

An ce barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Goro da shayi da kofi suna jinkirta shi kaɗan, ba sa biyan bashinsa. Ƙwayoyi irin su tramadol sun fi muni, domin suna sa mutum ya ji garau alhali idonsa da ƙafarsa sun yi nauyi, ga kamu a hannun hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA. A huta bayan kowace awa huɗu ta tuƙi. A kwana a wuraren da direbobi suka saba yada zango, irin su Mararrabar Jos da Tafa da Ogere, a kuma tambayi 'yan uwa direbobi halin tsaron hanya kafin a shiga daji da yamma.

Yawan zama yana jawo ciwon baya da hawan jini da ciwon suga, don haka a riƙa gwaji a kai a kai. Nisa da iyali ma jarrabawa ce. Mutum ya kame kansa, kada ya kai wa iyalinsa cutar da ya ɗauko a zango.

8. Neman aiki da yarjejeniya

Sabon direba yakan samu mota ta hanyar ubangidansa, ko ta ƙungiya, ko ya nemi aiki a kamfani. Kamfani yakan nemi lasisin ajin G, da shaidar gogewa, da masu tsaya wa mutum, sannan ya yi gwajin tuƙi da na ƙwaya. Ƙungiyoyin da za ku riƙa ji su ne NURTW ta ma'aikatan sufuri, da NARTO ta masu motoci, da reshen direbobin tanka na ƙungiyar NUPENG.

Kafin a karɓi makulli, a rubuta amsar waɗannan tambayoyi: Albashi ne ko kuɗin kowace tafiya? Nawa ne kuɗin hanya, kuma me ya ƙunsa? Wa ke biyan yaron mota? Idan kaya suka yi ƙasa, ko aka ci tara saboda takardun mota, wa zai biya? Idan direba ya ji rauni, wa zai ɗauki nauyin magani?

Akwai ranar da mai mota zai matsa a tashi alhali mota ba ta da lafiya. Direba nagari yakan ce cikin ladabi: "Alhaji, a yi haƙuri. Tayoyin baya biyu sun gaji, iska kuma tana zuba. In na ɗaga a haka ban riƙe maka amana ba." Mai motar da ya kori direba saboda wannan magana, rabuwa da shi alheri ne. A ɗaya ɓangaren kuma, sayar da man mota a hanya, da ɗaukar kayan da mai mota bai sani ba, cin amana ne. Duniyar direbobi ƙarama ce, labari yana riga mota isa gareji, kuma sunan kirki shi ne jarin da ake samun mota ta gaba da shi.

Taƙaitawa

Sana'ar tuƙin babbar mota hawa-hawa ce: koyo a hannun ubangida nagari, horo a makarantar da hukuma ta sani, lasisi na gaskiya mai ajin da ya dace, sannan ƙaramar mota kafin babba. Nauyin mota ne ke ƙayyade gudu da tazara. Duba mota da lodi da takardu aikin direba ne da kansa. Hutu yana cikin lissafin tafiya, kuma rubutacciyar yarjejeniya tana kare direba da mai mota baki ɗaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne amanoni uku ne ke wuyan direban babbar mota?
2. Wane ajin lasisi ake buƙata don tuƙa tirela, kuma daga shekara nawa ake ba da lasisin tuƙin haya?
3. Me ke sa birki ya daina kamawa a gangara, kuma yaya ake kauce wa haka?
4. An rubuta 0821 a jikin taya. Yaushe aka ƙera ta?
5. Mota za ta yi tafiyar kilomita 600 tana cin kilomita 50 a awa. Awa nawa za ta yi? Idan tana shan lita 40 a kilomita 100, lita nawa za ta sha?

Aikin yi

a. Ku rabu gida-gida, kowane rukuni ya ziyarci garejin manyan motoci mafi kusa, ya nemi izinin wani direba ya nuna masa yadda yake duba motarsa da safe. Ku rubuta abubuwan da ya duba bi da bi, ku gwada da jerin da ke sashe na 5.

b. Mutum biyu su fito gaban aji, ɗaya mai mota, ɗaya sabon direba, su daddale sharuɗɗan aiki. Sauran ɗalibai su rubuta yarjejeniyar cikin layi biyar, su faɗi abin da aka manta.